Raniya Ba Ta Ci Bayan Azahar

Litinin, 8 ga Maris 2004, da hantsi

Na sami littafin nan a cikin jakarta ta makaranta. Ta cika shafi tara da Larabci, sauran fari ne. Ita ta fara daga dama, ni zan fara daga hagu. Rubutuna na yaƙi da jahilci ne, amma babu mai gani.

Yau kwana goma sha biyu da rasuwar 'yata.

Wankan jego ya kawo ni Masar. Na zo da kanwa da gero da yaji da busasshen ganyen darbejiya. Suna nan ƙarƙashin gado, ban kwance ƙullin ba. Akwatin kayan jariri kuma mijinta ya ɗora shi can saman kwaba, inda ido ba ya kaiwa.

'Yar fari ce. Ban taɓa kiran sunanta tana raye ba, ba zan fara yanzu ba. Maman Raniya.

Mu uku muka rage a gidan, hawa na huɗu a unguwar Darrasa: ni, da surukina, da Raniya mai shekara uku saura wata biyu. Ni ina ɗaki, shi yana falo. Ta bayan labule muke gaisawa. Ya ce, "Inna, an tashi lafiya?" In ce, "Lafiya lau, ya haƙuri?" Shi ke nan maganarmu ta yini.

Talata, 9 ga wata, bayan la'asar

Ba ta ci ba. Tun azahar.

Laraba, 10 ga wata, da hantsi

Na leƙa ta gefen labule da safen nan, Allah ya yafe mini.

Shi ya yi mata wanka. Shi ya shafa mata mai har tsakanin yatsun ƙafa. Ya taje mata kai, ya kama mata gashi gida biyu, ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Sannan ya ɗauki zane, zanen mace, ya goya ta a baya ya ɗaure a ƙirji, suka sauka sayen gurasa. Namiji da gemunsa, mahaddacin Alƙur'ani. Na ji kunya kamar ni aka gani.

Da suka dawo ya zauna a ƙasa da kwanon wake, wanda suke ce wa ful. Ya ɗebo a cokali yana kira kamar kwandasta, "Ataba, Ataba, Ataba! Saura mutum ɗaya! Yalla, buɗe ƙofa!" Ta buɗe baki. Ta cinye kwanon tas, ta sha madara.

To ashe tana ci. Ni ce ba ta ci a hannuna.

Alhamis, 11 ga wata, da yamma

Mariam ta hawo. Maƙwabciyarmu ce ta hawa na uku, Bahaushiyar Sudan, Hausarta rabi Larabci. Ita ta yi mini bayani.

"Ya Hajja Indo, ai su biyun nan raba yini suka yi tun yarinyar tana zanen goyo. Safe nasa, yamma nata. Ita ta tafi makaranta da sassafe, shi yana gida. Ana kiran azahar ta shigo, shi ya fita kasuwar Ataba wurin 'yan kasuwarku, ya yi musu tafinta har dare. A bakin ƙofar nan suke miƙa wa juna ita kamar tire."

Na ce, "Har wanka shi yake mata?"

Ta ce, "Wanka? Har kashi! Mai gurasa kullum sai ya tsokane shi, ya ce ya Shehu, goyo ka iya, saura nono. Shi kuma ya ce masa an yi oda, yana hanya."

Ta yi dariya, sai dariyar ta koma kuka. Muka yi tare.

Yanzu na gane abin da nake gani. Da an kira azahar Raniya take sauka daga duk inda take, ta je bayan ƙofa ta zauna, ta rungume silifas ɗin uwarta. Na kai mata shinkafa, ta kau da kai. Na kai kunu. Na kai ruwa. Sai ta ce, "Ba ke ba." Haka har barci ya ɗauke ta a wurin. Daga azahar zuwa wata safiyar babu abin da ke shiga cikinta.

Mun ce mata Mama tana makaranta.

Asabar, 13 ga wata, bayan azahar

Yau ya ƙi fita, ya ce bari ya gwada da kansa. Ya kawo cokali, ya fara kiran Ataba. Ta ture cokalin. Ta tashi ta ɗauko masa takalmansa, ɗaya bayan ɗaya, ta ajiye a gabansa. Ta kama wandonsa tana ja wajen ƙofa.

"Baba tafi. Ka tafi Mama ta zo."

A wurinta sai ya fita uwar take shigowa. Tana ganin shi ya tare hanya.

Ya sa takalman ya fita. Na ji bai sauka ba. Yana nan zaune a kan matakala, ita tana zaune ta ciki, ƙofa a tsakaninsu. Ni ina bayan labule.

Lahadi, 14 ga wata

Ba ta ci ba.

Litinin, 15 ga wata, bayan la'asar

Mariam ta raka ni santiral, inda ake buga waya. Na yi magana da maigidana Malam a Kano. Murya tana zuwa tana yankewa, amma abin da ya faɗa bai yanke ba.

"Ki taho da yarinyar. Mun yi magana da 'yan'uwa. Namiji ba ya riƙon 'ya mace, balle a ƙasar mutane. Alhaji Habibu yana nan Masar sayen kaya, ɗaya ga wata zai dawo, ku biyo shi."

Na ce, "Malam, uban fa ya saba da ita."

Ya ce, "Wane uba ne bai saba da 'yarsa ba? Ke da aka yaye taki ba kakarta ce ta ɗauke ta ba? Kin mutu?"

Ban mutu ba. Amma ban faɗa masa cewa na yi wata biyu ina zagayawa ta bayan gidan surukata don in ji ko muryarta ce ba. Ba a faɗar irin wannan.

Ina son in tafi da ita. Gaskiya zan rubuta tunda babu mai gani. Goshinta na uwarta ne, har yadda take tura baki. Waccan ban goya ta yadda nake so ba saboda kunya. Wannan babu kunya tsakanina da ita.

Talata, 16 ga wata, da hantsi

Mai sayar da gas yana buga ƙarfe a ƙasa, gabana yana faɗuwa. Komai na garin nan faɗar mini da gaba yake. Motar asibiti ta wuce ɗazu, na toshe kunnuwa.

Zoben azurfa da ke yatsan Raniya ya fara juyawa da kansa.

Laraba, 17 ga wata, bayan magariba

Na yi tunani. In za ta bi ni, dole ta saba da hannuna kafin tafiya. Ba za ta saba ba muddin tana buɗe ido ta gan shi. A gida haka ake yaye: a ɗauke yaro daga wanda ya saba da shi, ya yi kukansa kwana biyu, na uku ya haƙura ya ci. Na yaye bakwai, na sani.

Ba zan iya faɗa masa da bakina ba. Na aiki Mariam. Ta tsaya tana kallona.

"Hajja, kin tabbata?"

Na ce na haifi tara, ita nawa ta haifa? Ba ta haifa ba. Ban kyauta ba.

Ta je falo ta faɗa masa saƙon Malam, da nawa: daga gobe ya riƙa fita bayan sallar asuba, kafin yarinyar ta tashi, kada ya dawo sai ta yi barci. Na kasa kunne. Can ya ce, "Duk yadda Inna ta ce."

Na so ya yi gardama. Ban san me ya sa ba.

Alhamis, 18 ga wata, da hantsi

Ta tashi ta duba falo, ta duba banɗaki, ta duba bayan kujera. Ta ce, "Baba fa?" Na ce ya tafi aiki. Ta duba taga, ta ga rana ba ta yi ba. Ba ta yi kuka ba.

Na yi mata wanka tana tsaye kamar icce. Na yi mata kitso mai kyau, ba irin nasa ba. Ya bar wake a tukunya, na zuba. Ta kalli kwanon, ta je bayan ƙofa. Yau da safe ta je.

Kwana biyu ne. Na uku za ta ci.

Juma'a, 19 ga wata, bayan azahar

Ba ta ci ba. Safe ma.

Ta ɗauko takalminsa na masallaci ta haɗa da silifas ɗin.

Asabar, 20 ga wata, da la'asar

Na gwada abin nasa. Na rufe taga don kada a ji ni, na ɗebo wake na ce Ataba, Ataba. Ko kallona ba ta yi ba. Ruwa ta kurɓa sau biyu, shi ma da na matse mata baki.

Da safe na tarar ya turo takarda ta ƙarƙashin labule: "Inna, ba ta son wake da zafi. A sa mata lemon tsami kaɗan. Kofin shuɗi ne nata." Na yi duka. Ban ba shi amsa ba. Me zan ce, kuma ta wace hanya?

Bai san ba ta ci ba. Yana dawowa tana barci, ya tambaya ta bayan labule, "Inna, ya ta yini?" In ce, "Da sauƙi."

Gobe za ta ci.

Lahadi, 21 ga wata

Jikinta da zafi. Leɓenta ya bushe. Tun jiya ba ta yi fitsari ba.

Litinin, 22 ga wata, ban san ƙarfe nawa ba

Asibiti.

Ba wancan da 'yata ta rasu ba ne, wani ne, amma warin ɗaya ne. Kujerun ma irinsu ne, masu sanyi.

Laraba, 24 ga wata, da hantsi

Bari in rubuta yadda aka yi.

Ranar Litinin da hantsi na ɗaga ta daga bayan ƙofa, kanta ya faɗo a kafaɗata kamar ba ƙashi. Na kira ta, ido ya buɗe rabi. Na fita matakala ba mayafi ina kiran Mariam. Ita ta tare mota, ita ta aika Ataba a nemo shi.

Sun nemi jijiya a hannu ba su samu ba, sai a ƙafa. Ba ta ko motsa ba da aka soka allurar. Da ma ta yi kuka.

Ya shigo da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. Likita ta tare shi da faɗa, da Larabci, tana nuna shi da biro. Na tambayi Mariam me take cewa. Ta ƙi faɗa. Na matsa. Ta ce, "Tana tambayarsa ina yake kwana huɗu 'yarsa ba ta ci ba. Wane irin uba ne shi."

Bai nuna ni ba. Bai ko juyo ba. Kansa a ƙasa yana ba likitar haƙuri, "Ma'alish, ya daktora. Ma'alish."

Ina tsaye a wurin. Ina da baki.

Alhamis, 25 ga wata, bayan azahar

Leda ta biyar ake ƙara mata. Ta buɗe ido ta gan shi, ta kama gemunsa, ba ta sake ba har ta koma barci. Ya yi awa uku a sunkuye don kada ya zare.

Duk ma'aikaciyar da ta nufo mu da takarda a hannu sai in miƙe tsaye. Wancan karon ma da takarda ta zo.

Ya Allah, ɗaya ka karɓa da ɗan cikinta, ban ce komai ba. Ban ce komai ba.

Asabar, 27 ga wata, da yamma

An sallame mu. Ta sha madara rabin kofi a hannunsa da safe. Da azahar ba ta da ƙarfin zuwa ƙofa, sai ta juya fuskarta wajen.

Alhaji Habibu ya zo dubiya da lemo. Mutum ne mai surutu. Ya ce wa surukina, "Ustaz, ka gani ko? Riƙon yaro sai mata. Kai ka yi ƙoƙari, wallahi ko matata ba ta iya ɗaurin zanenka ba, amma ka bar wa masu abin abinsu." Ya ce sai an rubuta takardar yardar uba, in babu ita ba za a bar mu mu fita da yarinya ba. Ya ce a shirya kafin Laraba.

Surukina ya ce, "To, Alhaji."

Lahadi, 28 ga wata

Ya wanke kayan Raniya duka, ya shanya a baranda. Ya daɗe yana ninke su.

Litinin, 29 ga wata, bayan la'asar

Raniya tana barci. Na ji ya tsaya a bayan labule, ya yi sallama. Sai ga takarda ta shigo ta ƙasa, da fasfo ɗinta a kai, da kofin shuɗi.

Ya ce, "Inna, ga shi na sa hannu. Ku tafi da ita. Na ɗauka zan iya. Ni da mamanta mun yi alkawari ba za mu ba kowa riƙon 'ya'yanmu ba, ko na yini ɗaya, shi ya sa muka raba. To rabi na iya. Rabin nata ban san yadda take yi ba, ban taɓa gani ba, ina Ataba. Ga shi na kusa kashe ta."

Muryarsa ba ta rawa. Wannan ya fi ba ni tsoro.

Na kalli takardar. Abin da na zo nema ke nan, ya shigo har ɗaki. In na yi shiru, shi ke nan. Malam ya ji daɗi, 'yan'uwa su ce na yi ƙoƙari, in sami goshin nan ina kallo har in mutu. Shi kuma ya zauna da abin da likita ta faɗa masa.

Sannan na tuna Kano. Ta buɗe ido a ɗakina, ta duba bayan kujera.

Ban san lokacin da na ɗaga labulen ba. Shekara biyar yana auren 'yata, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Ya yi sauri zai durƙusa, na ce, "Tsaya. Dube ni."

Ya kasa. Na ce, "Abdulwahab."

Sai ya ɗago.

Na ce, "Ba kai ba ne. Ni ce. Kwana huɗu kana tambayata, ina ce maka da sauƙi. Ko loma ɗaya ba ta ci ba tun ranar da na kore ka. Na ga tana ƙarewa, na ce gobe. Likita ta zage ka ina tsaye."

Ya ce, "Inna, don Allah ki bari."

Na ce, "Ba zan bari ba. Yarinyar nan yini biyu gare ta, an ɗauke mata ɗaya. Ni na zo zan ɗauke ɗayan. Karɓi takardarka."

Ya ce, "Baba Malam fa?"

Na ce, "Malam nawa ne, ba naka ba."

Ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hularsa. Ni ma na zauna, a falo, ba mayafi a fuska. Ban san yadda ake zama da suruki ba. Na ce masa ya ci abinci kuwa? Ya ce a'a. Na ce ni ma.

Talata, 30 ga wata, da hantsi

Ya goya ta sun sauka sayen gurasa. Ƙafafunta sun rame, suna reto. Na tsaya a baranda ina kallonsu har suka sha kwana. Cokali shida.

Laraba, 31 ga wata, bayan la'asar

Santiral. Na faɗa wa Malam ba zan zo da ita ba, ni ma ba zan biyo Alhaji ba sai ta fara cin na yamma.

Ya ce, "Da izinin wa?"

Na ce, "Ina neman naka yanzu."

Ya ce in ban ba ki ba fa? Na ce to zan dawo in same shi da laifina, amma ni kaɗai. Na ce, "Malam, na ga inda aka sa ɗaya a garin nan. Ba zan ɗauko ɗaya in kawo maka ka sa ta a Kano ba."

Na ɗauka layin ne ya yanke. Can na ji yana share hanci. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa ji ba. Bai ce na zauna ba, bai ce na taho ba. Ya ce, "Tana kama da ita?" Na ce sak. Sai ya ajiye.

Takardar zamana saura kwana goma sha tara. Mariam ta ce akwai ofishin da ake ƙarawa, ana yini a layi. Ina tsoron ofishin. Ina tsoron abin da za a ce a gida. Ban san ko za ta taɓa ci a hannuna ba.

Alhamis, 1 ga Afrilu, kafin azahar

Alhaji Habibu ya tafi da safe. Na ba shi kanwar da geron ya kai wa matar ɗana, ita ma ta kusa.

Cokali tara yau, da rabin ƙwai. Ya nuna mini yadda ake riƙe cokalin: ba daga gaba ake zuwa ba, daga gefe, kuma sai an yi burki sau biyu. Na gwada ɗaya. Ta kalle shi, ya gyaɗa kai, ta karɓa. Ɗaya tak.

Yanzu tana wasa da murfin tukunya, amma na ga ta fara waiwayar ƙofa. Saura kaɗan a kira.

Ɗazu ya zo bakin ɗaki. Labulen a ɗage yake tun Litinin. Takalmansa suna hannunsa.

"Inna, yau in fita ko in zauna?"

Na ce, "In ka fita za ta jira. In ka zauna za ta ce kai ka hana."

Ya ce, "To ya za mu yi?"

Na ce, "Ajiye takalman. Mu daina ce mata makaranta."

Ya ce bai san da wace kalma ake faɗa wa mai shekara uku ba. Na ce ni ma ban sani ba, ni da na haifi tara. Na ce shi ya fara, inda ya tsaya in ɗora.

Ga ladan nan ya taɓa lasifika. Ta ajiye murfin.